Hatimi a Kan Farar Takarda

"Maki ɗaya da rabi, Baba! Ɗaya da rabi! Ka manta ne, ko in tuna maka?"

Nagwa ce a tsaye da ludayi a hannu, miyar lalo na ɗiga a kan tabarma. Mahaifinta Mitwalli bai ko ɗago ba. Ya gutsuri gurasa, ya dangwala, ya kai baki.

"Naki rabon ke nan. Nasa daban."

"Rabo? Ni fa na fi shi hadda. Wannan ko sunayen ƙasusuwan hannunsa bai riƙe ba. Tambaye shi mana, ga shi nan zaune kamar an dasa shi."

Hazim ya ci gaba da kallon kwanonsa. Shekararsa goma sha bakwai, kuma a kansa ake wannan faɗa tun ranar Lahadi, ranar da makaranta ta raba wa 'yan ajinsu takardar zaɓi. Shekarar ƙarshe ta sakandare hanya biyu ce ga ɗan kimiyya. Ko ka bi ilimin halittu ka nemi likitanci, ko ka bi lissafi ka nemi injiniya. Wadda ka bari ta rufu. In ka bi halittu makinka bai kai na likita ba, ba mai buɗe maka ƙofar injiniya, ko kai ne uban lissafin ƙasar nan. Gobe Alhamis da azahar za a rufe karɓar takardu.

"Dakta, ci abincinka," in ji Mitwalli. "Rabu da wannan rediyon."

"Ka ji ko? Dakta! Tun yaro yana yawo ba wando kake kiransa Dakta. Mai shayi Dakta, mai aski Dakta, har baunar da muke kiwo in za ta yi magana Dakta za ta ce. Wa ya taɓa tambayarsa?"

"Ke kuma wa ya tambaye ki?"

"Ba wanda ya tambaye ni, shi ya sa nake inda nake."

Nan uban ya ajiye gurasar. Shekara biyar da suka wuce Nagwa ta bi hanyar halittu. Ta yi karatu har gashinta ya zube. Da sakamako ya fito, maki ɗaya da rabi ya raba ta da likitanci, ofishin rabon gurabe ya tura ta kwalejin noma. Mitwalli, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa cikin taɓon shinkafa don 'ya'yansa su bar gona, ya kwana uku bai fita masallaci ba. Ita ce ta gaya masa da bakinta, a nan kan tabarmar.

"Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah," ta ce, muryarta ta sauka. "Lissafi yake ci kamar ruwa. Injin ban-ruwanka sau nawa ya tayar maka? Ka bar shi ya bi abin da ya iya."

"Injin ban-ruwa ne ya kashe uwarku?"

Ba wanda ya ƙara tauna komai.

Hazim yana ɗan shekara shida lokacin. Abin da ya riƙe kaɗan ne: bayan motar ɗaukar tumatir, bargo mai ruwan ƙasa, ƙafar mahaifiyarsa a waje. Ba likita a ƙauyen da yammacin nan. Ba ta kai asibitin garin Disuƙ da rai ba. Shekarar da ta biyo baya Mitwalli ya gina ɗaki a gaban gida, ƙofarsa na kallon titi. Ya sa masa farin tayil da wurin wanke hannu, ya shafa wa ƙofar koren fenti, ya kulle. Mai sayar da waya ya nemi haya, mai aski ya nema, ya ce musu ɗakin da mai shi. Duk ƙauyen sun san ɗakin duba marasa lafiya ne na Dakta Hazim.

Da la'asar Nagwa ta same shi a bakin magudanar ruwa yana jifan kwaɗi da tsakuwa.

"Kai kuma bakinka ɗinke shi aka yi?"

"Me zan ce, Abla?" Haka yake kiran yayar tasa.

"Ka ce ba za ka iya ba. Ustaz Milad bai nuna maka makinka na bara ba?"

Ya nuna masa. Ustaz Milad shi ne mai kula da takardun ɗalibai, shekara ashirin yana ganin yara na shiga suna fita. Ya ɗora yatsa a kan makin lissafi ya ce, wannan zai kai ka. Ya ɗora a kan na halittu, ya cire tabarau ya goge.

"Ji nan," Nagwa ta matso. "Baba bai iya karatu ba. Ka cika lissafi, ka miƙa masa ya buga hatimi. Kafin ya gane, an yi nisa."

"In ya gane fa?"

"Ya yi fushi wata biyu. Ya fi ka yi shekara arba'in kana auna taki kamar ni."

Hazim ya jefa tsakuwar ƙarshe cikin ruwa. Ya tashi da shawarar a ƙirjinsa, kuma ta yi masa daɗi. Ya riga ya ga yadda zai yi: ya ja layi a akwatin ƙasa na takardar, na lissafi, ya rufe wurin da babban yatsa, ya nuna inda za a buga. Abu ne na ƙiftawar ido.

Washegari da hantsi ya fito da takardar da biro a aljihu, bai cika ba tukuna, yana jiran uban ya shiga wajen bauna. Mitwalli kuwa na zaune a dakali yana shan shayi, ya hango shi.

"Kawo nan."

"Ban cika ba, Baba. Bari in..."

"Kawo, na ce."

Ya sa hannu cikin wuyan rigarsa ya zaro igiyar. Hatimin tagulla ne, bai fi ɗan yatsa ba, da sunansa a jiki. Shi ne sa hannunsa a banki, a ofishin gona, a wurin ɗaurin aure. Ko wanka zai yi ba ya cire shi. Kowa a gidan ya san dalili. Kakansu ya taɓa buga nasa a kan farar takarda don ya yarda da wani ɗan'uwa, aka rubuta abin da aka rubuta a sama, gonar bakin ruwa ta tafi. Tun suna yara uban ke maimaita musu: ko ni ne na ce ku buga a kan fara, kada ku buga. Takardar taki ma sai an karanta masa sau biyu, mutum biyu daban.

Ya danna hatimin a tawada, ya hura masa iska, ya shimfiɗa takardar a gwiwarsa. Ya buga. Akwatunan biyu na sama fayau, ba komai a ciki.

"Baba, fara ce."

"Na gani. Makaho ne ni?" Ya mayar da igiyar cikin riga. "Yayarka na ganin ban san abin da take kitsa maka a bakin ruwa ba. Ba sai ka rufe da yatsa ba. Je ka rubuta. Ni ban iya karatu ba, kai ne idona."

Ya ɗauki fartanya ya bi hanyar gona. Bai waiwayo ba.

Hazim ya tsaya da takardar. Da an tsare shi, da ya yi satar. Da an zage shi, da ya samu abin riƙewa. Yanzu ba wanda zai yaudara sai mutumin da ya miƙa masa wuyansa.

A cikin tuktuk, keken haya mai ƙafa uku da ya kai shi makaranta, direban ya ce, "Dakta, yau ce ranar ko? Ka yi sauri ka gama, wannan gwiwar tawa kai take jira." Wata tsohuwa a gefensa ta shafa masa kai ta yi addu'a.

Layi ya yi tsawo a tagar Ustaz Milad. Yara na ta surutu, wannan ya ce lissafi, wancan ya ce shi duk inda babu zane. Hazim ya jingina takardar da bango. Ya ɗora biro a akwatin lissafi. Hatimin na ƙasa, tawadar ta ɗan baje a gefe ɗaya inda hannun uban ya fi dannawa. Ya daɗe yana kallonsa. Sai ya ɗaga biron zuwa akwatin sama, ya ja layi.

Ustaz Milad ya karɓa, ya duba, ya dube shi ta saman tabarau.

"Halittu?"

"E, Ustaz."

"Ɗana, ni da kai mun zauna a kan wannan maganar. In na sa ta cikin wannan jakar, ta tafi."

"Na sani."

"Tilasta ka aka yi? In kira mahaifinka in yi masa bayani."

"Ba wanda ya tilasta ni."

Gaskiya ce kuwa, ita ce ma ta fi ciwo. Ustaz Milad ya sa takardar a jaka ya ce, "Na gaba."

Da ƙafa ya koma, kilomita huɗu cikin rana. Tun daga kwanar masallaci ya hango koriyar ƙofar a buɗe, abin da bai taɓa gani da rana tsaka ba. Ruwan sabulu na gangarowa titi. Mitwalli na ciki, ya naɗe riga zuwa gwiwa yana goge tayil da tsumma. Bai tambayi komai ba. Ya ɗago ya ce, "Ka dawo, Dakta? Kula da santsi."

Nagwa na bakin ƙofar gida da bokiti. Ta dubi fuskar ƙanenta sau ɗaya, ta ajiye bokitin a hankali. Ba ta yi faɗa ba. Ta matso kusa, ta yi magana ƙasa-ƙasa, amma ɗakin fanko ne, komai yana amsawa a cikinsa, tsumman ma ya tsaya.

"Wancan karon ni na gaya masa. In naka bai kai ba, wa zai gaya masa?"