Lambar Injin Bentley

Shekara talatin da ɗaya ni da Mervyn Tregloan muna gardama ɗaya a garejin bayan gidana da ke Kadina. Motata Bentley ce ta 1958, baƙa, doguwa, mai kujerun fata, idan tana tafiya ko tari ba ta yi. Tasa 'yar jar motar tsere ce, Austin-Healey mai kujera biyu, ba rufi, tun tana nesa gari ya san ta taho.

"Lindsay, wannan ai falo ne aka sa wa taya," in ji shi.

"Gara falo da gwangwanin da ke karya ƙugu. Dubi yadda kake fitowa, sai ka ce tsohon raƙumi."

Wata shekara na yi sakaci da ruwa, injin motata ya tsage. Muka samo irinsa a rumfar wani manomi. Mervyn ne ya riƙe sarƙa muka ɗora shi, kuma bayan mu biyu ba wanda ya sani.

Da ƙungiyarmu ta masu tsofaffin motoci ta cika shekara hamsin, aka sa kofi ga motar da ba a taɓa canza mata komai ba. Na ce ba ni shiga.

"Haba mutumina, wa zai duba lambar inji?" in ji Mervyn. "Shiga kawai, kar ka ba mu kunya."

Na biye masa. Wannan laifina ne, ban musa ba.

Ranar bikin, mai yanke hukunci, Glenys Harbutt, ko kujerun ba ta kalla ba. Ta ce in buɗe gaban motar, ta haska tocila, ta karanta lambar injin da ƙarfi a gaban jama'a, ta ce ba ta ainihin injin motar ba ce. Sai ta nuna mini takardar tonon asiri da aka jefa wa kwamitin gasar. Babu sa hannu, amma rubutun na san shi kamar tafin hannuna.

Na same shi yana goge fitilar motarsa.

"Kai ka ce in shiga, Mervyn."

Bai ɗago ba. "Ƙarya na rubuta?"

"Ba ita na tambaye ka ba."

"Zaɓen shugaba wata mai zuwa ne. Kowa Lindsay, Lindsay. Ni fa, shekara nawa ina ɗaukar kujeru a ƙungiyar nan?"

Ashe kujerar shugaba ce. Da ya buɗe baki ya roƙa, da na janye masa tun kafin ya rufe.

Aka zaɓe shi, ban je ba. Bayan sati biyu matata Beryl ta tambaye ni abin da za a yi da sifanoninsa da suka cika mana gareji. Na wanke su ɗaya bayan ɗaya, na jera a akwati, na kai ofishin ƙungiyar na ajiye tare da katina na zama ɗan ƙungiya.