Dankali a Jakar Mama

Na shimfiɗa taswira a teburin kicin, na ce wa Mama kakar bana a mota za mu zaga duwatsu, ta kalli yadda ganyen itatuwa ke yin ja ta taga. Wata biyar ke nan da yi mata aikin ƙugu.

"Ta taga? Oddny, ni kayan saƙo ce?"

"Mama, shekararki saba'in da tara! Likita ya ce ki bi a hankali."

"Likitan da ko matakalar asibiti ba ya hawa?"

Raina ya ɓaci, na fizgi jakar goyonta zan ɓoye, kada ta ce za ta hau dutse da ƙafa. Saura kaɗan kafaɗata ta goce don nauyi. Na buɗe, dankali ne fal. Ashe kullum da safe sai ta goya shi ta hau benenmu mai hawa shida, sau uku.

"A ƙolin dutsen ƙauyenmu akwai littafi cikin akwati," in ji ta. "Duk wanda ya kai sai ya rubuta sunansa. Kaka hamsin ban yi fashi ba. In bana ba su ga sunana Ragnhild a ciki ba, cewa za su yi na mutu."

Na naɗe taswirar, na tafi neman takalmana na hawan dutse.