Kalmar da Yallaɓai Ba Ya So

Yaron ba ya barci sai a hannu. An gwada katifa, an gwada goyo, an gwada gadon jarirai mai raga da ƙararrawa. Da bayansa ya taɓa shimfiɗa sai ya buɗe ido, ya dubi wanda ya yi masa wannan cin mutuncin, sannan ya ɓare baki. Shi ya sa uwarsa ta sa masa Yallaɓai. Ta ce ba ta taɓa ganin ɗan talakan da ƙasa ba ta san shi ba sai wannan.

Ubansa mai aski ne, ana ce masa Bahago. Kujera ta biyu daga ƙofa a shagon Oga ita ce tasa, kuma ita ke ciyar da gidan.

Da farko sun ɗauka kakarsa yaron ya tsana. Mahaifiyar Bahago ta zo taya su reno, da jakarta da ƙwarewarta. Amma da an ce, "Sannu, Hajiya," ko "Hajiya, ga ruwa," sai yaro ya farka da ihu, ko a hannun wa yake. Tsohuwa ta jure har ta gaji, ta haɗa kayanta.

"Na reni ubanka, na reni ƙannen ubanka," ta ce wa jaririn a bakin ƙofa. "Ba kai ka kore ni ba, mai gidan banza. Ni na ga damar tafiya."

Sai bayan tafiyarta aka gano. Uwar tana wanke kwalbar madara ta ce wa Bahago, "Ajiye min wannan a tebur." Yaro ya tsandara. Suka dubi juna. Bahago ya jijjiga shi har ya koma barci, ya matso da baki kusa da kunnensa.

"Tebur."

Shiru.

"Kwalba."

Shiru.

"Ajiye."

Ihu, har maƙwabciya ta buga bango.

Da ya lafa, uwar ta gwada nata a hankali: "Hajiya." Maƙwabciya ta sake buga bango.

"Ba tsohuwa ya ƙi ba," in ji Bahago. "Abin da ke cikin sunanta ne."

Suka kori kalmar daga gidan. Cokali sai dai a ba shi masauki. Takalmi a sallame shi a bakin ƙofa. Rediyo ma ya tafi hutu ranar da mai labarai ya ce, "Bari a ji yadda ta kaya." Uwar ta daina ajiyar zuciya, don gudun tsautsayi.

Sannan wuyan hannayenta suka kumbura, duka biyun. Likita ya naɗe su da bandeji, ya ce kada ta ɗauki abin da ya fi kofi nauyi. Ta tambaye shi ko ya san inda ake canza jariri da mai nauyin kofi. Bai yi dariya ba. Washegari Bahago ya tafi aiki da Yallaɓai a hannu.

Yaron ya zaɓi hannun hagu. Hannun da ubansa ke ci da shi, yake aski da shi. Bahago ya koma riƙe kilifa da dama kamar sabon ɗan koyo, yana aski yana lilo, kwastoma yana bin sa da kai kada a yanke masa kunne. Ƙarar kilifa ba ta damun Yallaɓai. Janareta ma ba ta damunsa, haka musun ƙwallo. Kalma ɗaya ce kawai. Bahago ya so ya rubuta sanarwa ya manna a ƙofa, sai Kawu, tsohon da ke kujerar farko, ya tuna masa mutane da ƙarfi suke karanta sanarwa.

Oga ba ya aski. Shi mai shago ne, yana zuwa ya duba madubi ya duba ma'aikata. Abin alfaharinsa a duniya guda ne, kuma kowa a layin ya haddace shi.

"Ni ban taɓa korar mutum ba. Allah ya kiyaye. Mutum da kansa yake ganin hanya ya ajiye aiki."

Gaskiya ne. Zama yake yi kusa da mutum ya yi ta yi masa nasiha da murya mai daɗi, har mutum ya gwammace zaman gida. Yanzu kuma ƙanin matarsa ya gama koyon aski, yana jiran kujera. Bahago ya sani. Duk shagon an sani. Oga ya ga jaririn ranar farko, ya kawar da kai, ya ce, "Uhm." Kuskure ɗaya yake jira.

Kuskuren ya zo da rana tsaka. Mai kemis na kan kwana, aminin Oga, yana kan kujera. Mutum ne mai ji da sumarsa, yana shafa mata mai daga kantinsa. Bahago yana daidaita masa gaban goshi, sai wani direba ya leƙo.

"Wane ne ya ajiye babur a bayan motata?"

Yallaɓai ya saki murya. Hannun dama ya yi tsalle. Kilifa ta buɗe titi daga goshin mai kemis har tsakiyar kansa, fes, ba ko rami.

Mai kemis ya daɗe yana kallon madubi. Bai yi faɗa ba. Ya ciro waya ya kira amininsa.

Oga ya shigo da fara'a, ya ja kujerar jira ya zauna, ya gyara murya. Bahago ya ga nasiha na tahowa. Ya dubi titin da ke kan mai kemis, ya dubi yaron da ke ta zillo.

"Oga, ɗan riƙe min shi in rufe wannan ɓarnar. Bai kamata Alhaji ya fita haka ba."

Kafin Oga ya ce wani abu yaro na hannunsa. Oga mutum ne mai tumbi, faffaɗa, mai laushi. Yallaɓai ya ɗora kunci a kai, ya ja numfashi, ya yi luf. Irin barcin da bai taɓa yi wa iyayensa ba.

"Ka gani?" in ji Oga. "Yaro ya san babba. To, ɗana, ni ba zan ce maka komai ba. Amma mai hankali idan ya ga abu ya fi ƙarfinsa, da kansa yake ajiye..."

Bakin yaron dab da kunnensa yake. Oga ya miƙe tsaye bai sani ba. Ya yi gaba, ya yi baya, ya miƙa wa Kawu, Kawu ya nuna masa reza da kumfa a hannu. Ya miƙa wa uban, uban ya nuna masa kan mai kemis. Sai da ya zagaya shagon yana rawar da bai yi ba tun yana saurayi, hularsa ta karkace, sannan yaro ya koma barci.

Kawu ya yi masa bayanin dokar da raɗa.

"Kalma?" in ji Oga. "Jariri?"

"Gwada mana, ranka ya daɗe."

Oga bai gwada ba. Ya koma ya zauna a hankali kamar mai ɗauke da tiren ƙwai. Hanya biyu ta rage masa. Ko ya ce na kore ka, a gaban mutane, alfaharin shekaru ya tafi. Ko ya sa Bahago ya fahimta ba tare da kalmar ba. Ya zaɓi ta biyu. Ya nuna kilifa da haɓa, ya nuna tebur, ya nuna ƙofa.

"Ban gane ba, Oga," in ji Bahago.

Oga ya sake nunawa, da gira wannan karon.

"Yana so a goge tebur," in ji wani mai jiran layi.

"A'a, iska yake so. A buɗe ƙofa."

"Kilifar za a kai gyara," in ji direban, wanda ya fasa neman mai babur ya tsaya kallo.

"Ka... sauke nauyi," Oga ya ce ta cikin haƙora.

"Ai na sauke, Oga. Yana hannunka. Allah ya saka."

"Ka yi... murabus."

"Wannan sai manya," in ji Kawu. "Mai aski ba ya murabus. Ba shi da rawani, ba shi da ofis."

Wayar Oga ta yi ƙara a aljihu. Matarsa ce. Kawu ya ciro ya kara masa a kunne, ya ɗaga masa yatsa don tuni. Shekara da shekaru suna ɗaya Oga yake kiranta da shi, Hajiya, kuma yanzu sunan ya haramta.

"Na'am... ke."

Muryarta ta fito har kujerar ƙarshe. "Ke? Yau ni ce ke?"

"A'a, wato... ranki ya daɗe. Gimbiya."

"Wace ce Gimbiya? Da wa kake tsammanin kana magana? To, za ka dawo ka same ni. Shi wancan mai jaririn fa, ya aj..."

Kawu ya katse kiran. Ya mayar da wayar aljihun mai ita, ya daddaɓa aljihun kamar mai ba da haƙuri.

Bahago ya kwashe sumar mai kemis gaba ɗaya, da hannun hagu, a natse. Hannun ya tuna aikinsa. Mai kemis ya shafa ƙoƙon kansa, ya juya hagu ya juya dama, ya ce ashe akwai iska a garin nan. Na gaba ya hau kujera. Na bayansa ma.

Gumi ya jiƙa rigar Oga. Hannunsa ya mutu tun daga kafaɗa. Ya fara haɗa gwiwa yana rabawa.

"Ɗana," ya ce da raɗa. "Zo."

Bahago ya kashe kilifa ya matso.

"Yaushe uwarsa za ta karɓe shi?"

"Sai hannunta ya warke."

"Yau nake nufi."

"Yau ba mai karɓa sai ni."

"To karɓa. Fitsari nake ji."

"Ina tsoro, Oga. Idan na karɓe shi bakinka zai dawo."

Oga ya dubi mutanen shagon. Kowa ya sami abin kallo a silin. Ya dubi yaron, wanda ya cusa hannu cikin wuyan rigarsa ya damƙe, miyau yana bin maɓalli.

"Kujera taka ce," ya ce.

"Ban ji ba."

"Kujera taka ce. Kawu shaida ne. Alhaji shaida ne. Ƙanin wance ya nemi wani shagon."

"Da yaron?"

"Da yaron. Amma ku sa wani a ƙofa ya riƙa tace bakin masu shigowa. Karɓi abinka."

"To, Oga. Bari in wanke hannu, duk gashi ne."

Famfon yana waje, gefen shago. Bahago ya fita. Ya wanke hannu da sabulu, ya wanke fuska, ya sake wanke hannun. Sannan ya tsaya a bakin titi. Motoci suna wucewa, mai lemo yana fere lemo, rana tana dukan kwano. Hannayensa biyu suna rataye a gefensa, ba kowa a cikinsu. Ya sa su a aljihu, ya fitar. Ya harɗe su a ƙirji, ya warware. Ya ɗaga su sama ya yi miƙa har ƙashin bayansa ya amsa.

Ta gilashi yana hango Oga yana yi masa alama da ido, da gira, da ƙafa. Bahago ya ɗaga masa hannu, alamar yana zuwa. Ya ce wa mai lemo ya fere masa guda biyu.