Barira a Garin Masu Rakiya

Zazzaɓin mura ne ya kama Barira ranar Asabar, irin wanda ba ya kwantar da mutum, ba ya kuma barinsa ya tsinana wani abin kirki. Bayan azahar ta shimfiɗa tabarma a rumfar tsakar gida, ta ɗora laftof a kan matashi, ta koma kan aikin da ya hana ta sakat tun farkon mako.

Barira ma'aikaciyar ɗakin magani ce a wani ƙaramin asibiti a Funtuwa, mace mai kawaici har ana cewa ya yi yawa. Da girmanta ta shiga ajin koyon rubuta wa kwamfuta umarni, ajin da duk ɗalibansa sa'o'in 'yarta ta fari ne. Ba wanda ya aike ta. Tun da ta yi wayo, wannan ne abu na farko da ta zaɓar wa kanta don kawai tana so, shi ya sa take ji da shi ƙwarai. Ta yi aikin tara lambobi biyu, ta yi na gano babba cikin uku, ta yi na rarrabe cika da mara, kowanne in ya fito daidai sai ta yi ta murmushi ita kaɗai. Sai aka zo kan na maimaitawa. Malama Zuwaira, malamar ajin, ta ce kowa ya sa kwamfutarsa ta yi wa baƙi goma sannu da zuwa, ɗaya bayan ɗaya, sannan kwamfutar ta yi shiru.

Ta Barira dai ba ta san shiru ba. Sannu da zuwa baƙo na ɗaya, sannu da zuwa baƙo na biyu, ta wuce na goma ko waiwaye babu, ta shiga ɗaruruwa, ta faɗa dubbai, har fankar cikinta ta fara huci. Malama kuwa ta ce ranar Litinin duk wanda aikinsa bai tsaya ba sai ya maimaita zango. Barira ta riga ta yanke wa kanta hukunci cewa in abin ya gagare ta yau, ta bar ajin ke nan, don ba za ta iya zama da sabbin yara ana nuna ta da baki ba.

Ta zuba wa allon ido, gaisuwa na ta gangarowa. A can gefe, inda ta rubuta umarninta, ɗan siririn layin nan da ke nuna wa mai rubutu inda ya tsaya yana ta ƙiftawa. Ya ɓace, ya dawo. Ya ɓace, ya dawo. Idonta ya yi nauyi, kukan tattabarun maƙwabta ya yi nisa.

Sai ta ga layin ya yi miƙa, ya sauko daga allon ya tsaya a kan tabarma. Ya yi tsawo har kansa ya taɓa rumfa, fari tas, siriri kamar taɓarya, ba fuska ba hannu, kuma bai fasa ɓacewa da dawowa ba. Barira ta gyara ɗankwali ta gaishe shi, tunda dai baƙo ne. Abin da kawai ya ce shi ne, “Sai kuma me?”

Ta tashi ta bi shi. Allon laftof ɗin ya buɗe ya zama ƙofar zaure, suka shige, suka ɓullo wata kasuwa da ba kowa cikinta sai ƙorai. Ƙorai a ƙasa, ƙorai a rataye a iska ba igiya, kowace da sunanta a zane a gindi, suna ta hira da dariya. Wata ƙwarya mai suna Farashi tana ta sauya abin da ke cikinta tana yi wa sauran yanga. Wata mai suna Saura tana kuka da dariya lokaci guda, wai kullum abin da aka rage ake ba ta. Barira ta lura duk wadda aka zuba wa sabon abu, na da sai ya ɓace, kuma ba wadda ta damu.

Wata 'yar ƙarama ta mirgino ta bugi ƙafarta. Ta ce sunanta Adadi, kuma ta daɗe tana yi wa Barira aiki, amma ko sau ɗaya uwar ɗakinta ba ta taɓa leƙa cikinta ba. Barira ta ba ta haƙuri, ta ɗauke ta ta aza a ka. Da ta yi taku ɗaya sai ta ji tsakuwa ta faɗa cikin ƙwaryar, ƙwal. Ta ƙara taku, ta sake jin ƙwal.

“Zuba mini kike yi, ba kya dubawa,” in ji ƙwaryar daga saman kanta.

Barira ta ce ai ita a gidansu ba a ƙirga mutane, balle baƙi. Ƙwaryar ta yi dariya har tsakuwoyin suka yi kacau-kacau.

Kasuwar ta naɗe kanta ta gefe guda, sai ga su a gindin wata kuka mai baki biyu, a inda hanya ta rabu. Bakin dama sunansa In, na hagu sunansa In Ba Haka Ba. Dogon farin jagoran ya tsaya gefe yana ƙiftawa. Kukar ta buɗe bakin dama ta tambayi Barira ko ta gaji. Ƙafafunta kuwa har zafi suke yi, amma bakinta ya riga ta, ta ce ba gajiya. Nan take hanyar ta ɗauke ta, ta zagaya da ita bayan wani tsauni mai kamar curin fura, ta ratsa da ita wani rafi da ruwansa ke gudu zuwa sama, ta dire ta a gindin kukar nan dai.

Kukar ta sake tambaya. Barira ta ce, to, da sauƙi dai. Rassan suka karkaɗe don ruɗewa, 'ya'yan kuka suka zubo, kowanne ya fashe da jan rubutu a ciki yana cewa ba a gane ba. Ta ce sai godiya. Wasu suka ƙara zubowa. Ta gwada duk amsoshin da mace mai mutunci ke bayarwa, kukar ba ta karɓi ko ɗaya ba, ita e ko a'a kawai ta sani. Abin ya ba Barira haushi, ya kuma ba ta dariya. A ƙarshe ta duba hagu da dama, ta ga ba idon sani, ta ce a hankali, “E, na gaji.”

Kukar ta yi hamdala da baki biyu. Wata hanya mai sanyi, shimfiɗe da ganyen ɗorawa, ta buɗe a gabanta, Barira ta ji jikinta ya yi sakayau kamar ta sauke tulu. Ta yi mamakin yadda 'yar kalma ɗaya ta yi mata wuya haka, ta kuma yi mata daɗi haka.

Hanyar ta kai su wani gari mai kyau wanda ba kowa a cikin gidajensa. Tukwane na kan murhu sun ƙone tun tuni, kaji sun hau gado sun yi ƙwai, kabewa ta yaɗu ta rufe ƙofofi. Mutanen garin duk suna waje, bibbiyu, suna raka juna. Wannan ya raka wancan har ƙofar gidansa, wancan ya ce ai ba zai bar shi ya koma shi kaɗai ba, ya rako shi, shi kuma ya ce haba, ya sake mai da shi. Sun yi ta yi har hanyoyin sun zama kwaruruka, wasu kawunansu kawai ake gani suna wucewa. Ga fara'a, ga gaisuwa, ana tambayar gida da yara da gajiya, ana amsawa, ana sake tambaya. Rana ta tsaya cak a sama tana jiran su gama ta faɗi.

A cikin wani kwari mai zurfi Barira ta hango wani ɗaurin ɗankwali da ta sani. Iya Tasalla ce, kakarta da ta raine ta, wadda ta rasu tun Barira na amarya. Tana tafe da aminiyarta Delu mai daddawa, suna taunar goro, suna hirar da suka saba. Barira ta yi tsalle ta faɗa kwarin, ta rungume tsohuwar, ta shaƙi ƙamshin man shanu da hayaƙin da ta yi shekaru tana kewa. Iya Tasalla ba ta yi mamaki ba ko kaɗan. Ta dube ta sama da ƙasa ta ce ta rame, ta kuma tambaye ta ko mijin nata ba ya cefane ne.

Suka jera su uku. Suka kai Delu gida, Delu ta rako su, suka mai da ita, ta sake rako su. A kowane zuwa tsakuwa na faɗawa cikin ƙwaryar da ke kan Barira. Ita kuwa daɗi ya cika ta. Ta ba Iya labarin 'ya'yanta da tsohuwar ba ta gani ba, da aikin asibiti, da ajin da ta shiga. Iya ta ce, wato yanzu har ƙarfe ake koya wa gaisuwa? Delu ta ce ai gara ƙarfen da yaran yanzu. Suka yi ta dariya har Barira ta share hawaye.

Sai da suka yi zuwa da yawa sannan ta kalli ƙasa. Takalman Iya sun cinye, ƙafafunta sun kumbura, tana ɗingishi tana ɓoyewa. Delu ma haka. Ba wadda za ta fara cewa ta gaji. Ƙwaryar ta yi nauyi har wuyan Barira ya sage, tsakuwa na zubowa ta gefe. A bakin kwarin dogon farin jagoran ya sunkuyo, ya ɓace, ya dawo.

“Sai kuma me?”

Barira ta gane abin da ake nema a wurinta, ta kuma ƙi shi da zuciya ɗaya. In rakiyar ta ƙare, Iya za ta shige gida, ita kuma ta san ba gidan da za ta iya bin ta ba ne. Ta ce a ranta bari a ƙara zuwa ɗaya. Aka ƙara. Ta ce ɗaya kuma. Iya ta yi tuntuɓe, ta dafa kafaɗarta, ta ce ba komai, tsakuwa ce.

Nan Barira ta sauke ƙwaryar, ta leƙa cikinta a karo na farko. Ta juye tsakuwoyin duka, ta ce da ƙwaryar su fara daga farko, kuma kafin kowane zuwa za ta duba ta, in sun kai goma an gama. Ƙwaryar ta yi tsalle a hannunta don murna. Suka ci gaba da tafiya, Barira na dubawa, tana riƙe da hannun kakarta gam. Da tsakuwa ta goma ta faɗa suna daidai gindin wata tsamiya, tsakanin gidajen biyu. Barira ta ja ta tsaya. Kunya ta rufe ta, don ba ta taɓa sallamar babba ba a rayuwarta. Ta durƙusa.

“Iya, rakiya ta isa haka. Nan za mu tsaya.”

Barira ta sunkuyar da kai tana jiran faɗa. Sai ta ji tsofaffin nan biyu sun zube a gindin tsamiyar, sun miƙe ƙafafu, sun fashe da wata irin dariya ta samun sauƙi.

“Allah ya yi miki albarka, 'yar nan,” in ji Iya Tasalla. “Tun yaushe muke jiran mai faɗa.”

Maganar ta bi kwaruruka. Ko'ina sai ka ji ana cewa nan zan tsaya, a gaida gida, a sauka lafiya. Mutane suka rinƙa fitowa daga ramuka suna karkaɗe riguna, mata na guɗa, kaji na tserewa daga kan gadaje. Rana ta saki jiki ta gangara, sama ta yi ja. Delu ta yi hanyarta tana ɗaga hannu. Iya Tasalla ta ɓare goro ta danƙa wa Barira rabi, ta shafa kanta, ta nufi ƙofarta ba ɗingishi. Barira ta so ƙwarai ta bi ta ko da taku biyu ne, amma ta tsaya inda ta ce za ta tsaya. A bakin ƙofa tsohuwar ta waiwayo ta buɗe baki za ta yi magana.

Kiran sallar la'asar ya farkar da ita firgigit. Gumi ya jiƙa mata wuya, zazzaɓin ya sauka, laftof ya yi zafi a kan matashi, yana can yana yi wa baƙo na dubu ɗari da wani abu sannu da zuwa. Ta katse shi. Ta koma kan umarninta, ta ga inda take ƙara wa adadin ɗaya a kowane zagaye, ta ga kuma ba inda ta ce a duba shi. Da yatsa biyu, a hankali, ta rubuta sharaɗin: a ci gaba muddin adadi bai wuce goma ba. Ta yi bisimilla ta danna.

Gaisuwa ta gangaro layi-layi. Na takwas, na tara, na goma. Allon ya tsaya.

Barira ta jira ko zai ƙara. Bai ƙara ba. Dariya ta kuɓuce mata, hawaye na bin kumatunta, ita kanta ba ta san na wanne ba ne. Litinin dai da ita za a shiga aji. Ta daɗe tana kallon layi na goman nan, sannan ta kai hannu ta rufe laftof ɗin a hankali.

“A sauka lafiya, Iya,” ta ce, ta tashi ta ɗauki buta.