Kwarkwasa a Gidan Kilishi

Malam Mijinyawa ne ya fara buɗe wa kwarkwasa ƙofa a unguwar Briqueterie, a daminar 1961, kuma a gaban idona aka yi. Da rundunarsu ta taso daga kwarin Ekoudou, sai ya sa aka kwashe nama da labu, wato ƙullin gyaɗa da yaji da ake tsoma naman a ciki, aka kai maƙwabta, ya bar musu ɗakin kilishi wuni guda. Da suka wuce, babu kyankyaso, babu tsutsa, babu ɗan ɓera. Tun daga ranar mu masu kilishi muka ɗauki wannan a matsayin ƙa'ida.

Shekara goma sha uku bayan haka Allah ya yi masa rasuwa, ɗansa Hamadu ya gaji gidan, wanda ke jingine da nawa. Ya yi wata uku a Douala, ya dawo da famfon feshi da gwangwanin magani mai rubutun Faransanci, da kuma raini.

A daminar shekarar da ya dawo, dubagari ya aiko cewa zai zo ranar Alhamis, kuma duk gidan da aka ga kyankyaso a ciki za a rufe shi. Ranar Litinin da hantsi kwarkwasa suka iso ƙofar Hamadu. Na same shi yana zuba musu kananzir da toka, na tuna masa yadda mahaifinsa ke yi.

"Baba Mohaman," in ji shi, "ni ba na ɗaukar ƙwari aiki."

"To, ɗana, turo mini su. Ba sa neman lada."

Rundunar ta karkata, ta shigo wurina, na karɓe ta kamar yadda aka saba. Shi kuwa ya wuni yana feshi. Kyankyasansa suka haye rufi, suka jira.

Dubagari ya fara da ni. Ya ɗaga gadajen shanya, ya leƙa bayan tukwane, ya sa hannu a takarda. A gidan Hamadu ya shinshina kilishi, ya tambaya ko da kananzir ake haɗa labu a Douala. Kafin a ba shi amsa, kyankyaso ya faɗo daga rufi a kan hularsa. Aka buga wa ƙofa kwaɗo.

Ni na tashi da takardata, da mahautan Hamadu biyu, da masu sayensa na unguwar Nkomkana, waɗanda har yau ba su koma ba. Shi ya tsira da famfonsa da rabin gwangwani.