Wasiƙu a Cikin Leda

Tun daga matakalar bene ta jiyo ƙaurin leda. Ta ƙarasa da sassarfa, ta banka ƙofar ɗakin adana takardu. Akawu na zaune gaban sabon injin lamineshan, yana zura masa wata tsohuwar wasiƙa, yana 'yar waƙarsa.

"Tsaya! Don Allah tsaya!"

"To, ga Malama Kar-a-taɓa ta iso," in ji Akawu. "Ko sallama babu?"

Sunan da suka laƙaba mata ke nan tun da ta dawo daga kwas ta hana cin abinci kusa da kantocin takardu. Ta ɗauki wasiƙar da injin ya tofo, da zafinta. Rubutun hannun wata ungozoma ce da ta yi aiki a garin shekara tamanin da suka wuce, kuma babu kwafinsa a ko'ina. Tawadar har ta fara bajewa. Takardar da aka gasa a cikin leda ba ta sake fitowa. A ciki za ta yi ta cin kanta har ta zama gari, waje kuwa sai ƙyalli.

"Guda nawa ka yi?"

"Goma sha ɗaya. Saura ɗari biyu da 'yan kai a akwatin nan. Oga ya ce a gama kafin baƙi su zo jibi."

Ta sami Oga a ofishinsa yana goge tabarau. Ta yi masa bayanin zafi da gam da tawada, ta ce abin da wasiƙun ke bukata bai wuce jakar takarda mai kyau da wuri marar laima ba. Tana magana tana ɗaga murya ba tare da ta sani ba.

"'Yata, zauna mana," ya ce. "Takardar haihuwata ma lamineshan na yi mata, ga ta nan garau."

"Ranka ya daɗe, waccan in ta lalace za a ba ka wata."

"Shekara talatin ina gidan nan. Gara ta ci, ruwa ya ci, ba wanda ya ɗaga murya. Yau na kawo inji don in kare su, shi ne kika zo kina min tsawa?" Ya mayar da tabarau. "Rubuto min a takarda. Ki kuma tuna ana neman mutum a reshenmu na ƙauye."

Abin da ya fi ci mata rai, da zuciya ɗaya yake yi. Mugu ana iya kai ƙararsa. Amma ina za ka kai mutumin kirki da ya rantse ba zai koyi komai ba? Takarda huɗu ta rubuta masa a bana, duk suna ƙarƙashin kofin shayinsa.

Da azahar kowa ya fita cin abinci. Ta ji dariyarsu suna sauka a matakala, ba wanda ya leƙo ya ce ta taso. Ta kira mahaifiyarta a waya, ta ba ta labari.

"Ke dai da zafin kai," in ji uwar. "Takarda ce fa, ba mutum ba. Kin ci abinci?"

"Na ci, Mama."

Ta ajiye wayar. Fanka na juyawa a sama, injin na huci a kan tebur.

Ta wanke hannuwanta ta tsane su sosai. Ta ɗauki akwatin a ƙirji zuwa ɗakin baya, ta janyo wani kwali daga can ƙasan kanta, wanda aka rubuta wa "Fom ɗin Hutun Ma'aikata". Ɗaya bayan ɗaya ta kwantar da wasiƙun a ciki, tana sa farar takarda a tsakaninsu. Sannan ta je durowar katuna, inda ake duba mazaunin kowace takarda a gidan. Da hannunta ta rubuta katin wasiƙun bara. Ta zare shi ta jefa a jaka.

Akawu ya dawo yana sakace.

"A'a, ina akwatin?"

"Duba kati mana."

Ya ja durowa, ya bi katuna da yatsa sama-sama. "Babu." Ya ɗago ya dube ta, ta dube shi. Ta shirya amsar duk abin da zai tambaya.

"Kai, gidan nan!" Ya yi dariya, ya zare wayar injin daga bango. "An hutar da ni. Goma sha ɗaya ai sun isa a nuna wa baƙi."

Ta koma teburinta ta zauna, jakar a kan cinya. Wasiƙa ɗari biyu sun ɓace daga ɗakin adana takardu da rana tsaka. Har aka tashi aiki tana sauraren matakala, tana jiran wani ya hawo ya yi faɗa.

Ba wanda ya hawo.