Sanarwar Rasuwar Lowell

Ina tsaye a bakin ƙofarsu, kwanon taliya da niƙaƙƙen nama yana ƙona min hannu ta cikin tsumma, na riga na haɗa fuskar ta'aziyya tun daga gida, sai Arlys, matar Lowell, ta buɗe ƙofa riƙe da cokali.

"Arlys, Allah ya ba ki haƙuri," na ce. "Yanzu na gani."

"Kika ga me?"

Kafin in ba ta amsa wata murya ta taso daga falo, ta dushe amma tsiwar tana nan. "Verna ce? Ki ce mata ta shigo ko ta fita, sanyi take cika min gida da shi."

Mamacin ne yake magana. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige har da kwanon.

Lowell Brandvold maƙwabcina ne tun muna da ƙananan yara, shingen katako kawai ya raba mu. Shi ne jami'in yaɗa labarai na sashen wasanni a kwalejin garinmu, tun zamanin keken rubutu har ya yi ritaya. Duk yaron da ya taɓa jefa ƙwallo a kwando ko ya yi tsere da sunan kwalejin, Lowell ne ya aika labarinsa jaridar garin iyayensa. In koci ya mutu, shi yake rubuta abin da za a karanta a lasifika kafin a yi shiru na minti ɗaya. Mutum ne mai tsananin son gyara, har katin gaisuwar Kirsimeti yakan dawo maka da shi ya nuna maka inda ka yi kuskure. A wannan hunturun ciwon daji ya ci huhunsa, asibiti suka sallamo shi gida da gadonsu da robar iska, aka kafa gadon a falo kusa da taga.

Na ajiye kwanon, na miƙa wa Arlys wayata. Hotonsa ne a shafin kwalejin, an kewaye shi da baƙi, an sa shekarar haihuwa da ta mutuwa. Ta karanta layin farko, ta nemi kujera ta zauna.

"Me kuke ɓoye min?" in ji Lowell. "Verna, ke ce mai baki, faɗi."

"Lowell, kwaleji ta ce ka mutu."

Ya kalli silin. Can ya ce, "To, karanta min. Ba kowa ke samun wannan damar ba."

Al'adar ofishinsu ce, kuma shi ya kafa ta. In wani babba ya kwanta ciwon da ba a sa ran tashi, sai a rubuta sanarwar rasuwarsa tun yana da rai a adana, don kada ranar ta zo ana kuka ana neman kalmomi. Corinne Tjaden ce ta gaje shi a kujerar. Ta zo masa tana ɗaliba mai ɗaukar kujeru, ya koya mata aikin kaf, yau ga ta har da furfura a goshi. Ita ta rubuta tasa. Da safen nan ta zo fitar da sakamakon wasan mata, hannunta ya kauce ta saki sanarwar rasuwar, ta tafi shafin kwaleji da wajen kowane ɗan jarida da dubban tsofaffin ɗalibai.

Na karanta masa. Ta rubuta yadda yake tsayawa cikin dusar ƙanƙara yana jiran motar 'yan wasa ko an ci su ko sun ci, da yadda bai taɓa gaya wa ɗan jarida ƙarya ba, in ba zai faɗa ba sai ya ce ba zan faɗa ba. Da na kai ƙarshe ya juya fuskarsa wajen taga ya daɗe.

"Jimlar farko ta yi tsawo," ya ce. "Amma yarinyar ta iya."

Arlys ba ta ga abin yabo ba. Ta taga muna ganin motoci suna fakawa. Matar fasto ta fito da kek, bayanta tsohon kocin tsere sanye da baƙar kwat. Haka Arlys ta tsaya a ƙofa tana gaya wa kowa, ɗaya bayan ɗaya, cewa mijinta bai mutu ba tukuna. Wannan "tukuna" ce ta fi ci mata rai. Mutane suka riƙa juyawa da kwanukansu kai a sunkuye, babu mai kallon wani. 'Yarsu da ke can bakin teku ta kira tana ihu, ta gani a wajen aiki.

Da rana daraktan wasanni ya bugo. Arlys ta sa wayar a lasifika. Ya ba da haƙuri har ya gaji, ya ce an cire abin, sannan ya ce hukuma za ta zauna a kan wadda ta yi, don irin wannan ba ya wucewa haka nan. Lowell ya saurara har ƙarshe. Ana kashewa ya ce, "Korar ta za su yi. Arlys, kira min Gil."

Gil shi ne mai shafin wasanni a jaridar garin, sun tsufa tare suna faɗa suna shiryawa.

"Kai, fatalwa!" in ji Gil. "Na gama rubuta kukana a kanka, ka sa na yi asarar hawaye."

"Adana shi, bai lalace ba. Kana da biro?"

"Ina ji."

"Rubuta. Ni na saki sanarwar. Ba su rufe min hanyar shiga shafin ba tun da na bar aiki. Na shiga in ga me suka ce a kaina, maganin nan ya juya min kai, na danna abin da bai kamata ba. Ba ruwan kowa a ofis."

Gil ya ce, "Lowell, ka tabbata?"

"Na taɓa yi maka ƙarya?"

"A'a."

"To, buga."

Mutumin da ko kofin ruwa ba ya iya riƙewa, balle kwamfuta. Ya rufe ido, kunnuwansa sun yi ja kamar na yaron da aka kama da hannu a tukunya. Ban taɓa ganin kunya a fuskarsa irin ta ranar ba. Da ya buɗe idon, ni ya fara nema.

"Verna, na san bakinki ba ya da murfi. Wannan karon ki nemo masa."

Washegari ta fito a jarida, kuma garin ya samu abin dariya. A shagon shan kofi na ji su da kunnena, wani yana cewa tsohon ya ƙosa ne ya ji yabonsa, wani yana cewa ai dama Lowell ba zai yarda wani ya riga shi fitar da labari ba. Mutanen da ya saka sunayen 'ya'yansu a jarida ne. Na zauna da kofina, alkawari ya ɗaure min baki. Hukuma kuwa ta bar maganar, Corinne ta tsira da aikinta.

Amma ba ta zo ba. Ta aiko furanni, babu ko kati. Kullum in na shiga taya Arlys juya shi, tambayarsa ɗaya ce. "Ta kira?" In aka ji mota a titi sai ya ɗaga kai da ƙyar ya leƙa. Ya daina cin abinci, maganarsa ta koma rabi rabi, amma tambayar ba ta canza ba. Ranar Alhamis na gaji da ganin haka, na sa takalman ƙanƙara na nufi kwalejin.

Na same ta a zauren ƙwallon kwando, tana jera katunan sunayen 'yan jarida a kan dogon teburin gefen fili, don ranar Asabar za a buga wasan ƙarshe na yanki. Tana ganina ta san abin da ya kawo ni.

"Anti Verna, don Allah."

"Ba don Allah ba wani abu. Ɗauko jakarki."

"Da wane ido zan kalle shi? Na kashe shi a gaban duniya, ya tashi ya ɗauki laifin. Kin ji abin da ake faɗa a kansa a gari? Saboda ni."

"Na ji. Shi kuma ba hira da gari yake nema ba, ke yake nema."

"Na rubuta a sanarwar cewa bai taɓa ƙarya ba." Ta dafa teburin da hannu biyu. "Ni na sa ya yi ta farko. Jiya na zo har kan layinku, na ga fitilar falon, na kasa fitowa daga mota."

"Corinne, mutumin nan ba ya da sauran lokaci."

"Bari a gama wasan Asabar. In na ga komai ya tafi daidai, ba kuskure ko ɗaya, zan samu abin da zan je masa da shi. Lahadi da safe, wallahi."

Na yi mata faɗa, na yi lallashi, har na kira ta matsoraciya a gaban masu goge fili. Ta tsaya tana hawaye tana gyara katunan da suke a gyare. Na koma gida ni kaɗai. Da Lowell ya tambaya na ce masa Lahadi. Ya ɗan murmusa ya ce, "Makon gasa ne. Ni ma da haka zan yi." Ban sani ba ko har zuciyarsa ya faɗa.

Ranar Asabar da hantsi ya cika, Arlys tana shafa masa mai a leɓe, ni ina ninke tawul. Ba wani motsi, numfashin ne ya fita bai dawo ba. Nas ta zo ta duba, ta kashe injin iskar, gidan ya yi tsit. Kafin Arlys ta kira 'yarta ko fasto, Corinne ta fara kira. "Ki zo yanzu," kawai ta ce, ta ajiye.

Ta iso da rigar kwaleji a jikinta da katin aiki rataye a wuya. Ta tsaya a kan tabarmar goge ƙafa, ƙanƙara na narkewa daga takalmanta, ta kasa ƙara taku.

"Arlys, ni..."

"Ba yanzu ba," in ji Arlys. Ba faɗa a muryarta, gajiya ce kawai. "Ke za ki sanar. Amma ba bisa maganata ba. Shiga ki gani da idonki, ki tabbatar, sannan ki fitar."

Corinne ta shiga falon a hankali. Mu muka koma kicin muka bar ta. Mun daɗe ba mu ji komai ba, sai wayarta da ke ta ruri a aljihu, ana nemanta a zaure, 'yan jarida sun fara isowa. Da na leƙa na gan ta zaune a kujerar Arlys, ta jawo ta dab da gadon. Kwamfutar tana buɗe a cinyarta, sanarwar tana kan allo, tana karanta masa ita ƙasa ƙasa tun daga farko. Ta rage tsawon jimlar farkon, ban san wa ya gaya mata ba. Hannunta na dama yana kan maɓallan bai danna komai ba, na hagun yana riƙe da yatsunsa a kan bargo.